Godiya a Ranar Wuya: Tambayoyi da Amsoshi Domin Masu Bi a Kano

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan tasowa a nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, a taron zumuntar mata, a zaman makoki, da kuma a bakin ƙofar majami'a bayan an tashi daga sujada, daga Sabon Gari har Badawa da Birget. Sunayen littattafan da aka ambata suna bin fassarar Hausa ta 1979.

An ce mu yi godiya cikin kowane hali. Wato in shagona ya ƙone ƙurmus, in ce na gode?

Duba ayar da kyau, ɗan'uwa. 1 Tasalonikawa 5:18 cewa ta yi a yi godiya cikin kowane hali. Ba ta ce gobara abin kirki ce ba. Waɗanda Bulus ya rubuta wa wannan wasiƙa mutane ne da suka karɓi bishara ana tsananta musu, don haka ba wai bai san zafin abin ba ne.

Ɗauki gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna. Mai bin da ya tsaya washegari a kan tokar shagonsa, ƙarfen ƙofa ya lanƙwashe, littafin bashi ya ƙone tare da sunayen waɗanda yake bi, ba a neman ya gode wa wuta. Abin da zai iya godewa a kai a ranar shi ne yana tsaye da ƙafarsa, yaron shagonsa bai kwana a ciki ba, kuma Allahn da ya ba shi jarin farko yana nan bai sāke ba.

Wani zai kawo Afisawa 5:20, inda aka ce a riƙa godiya saboda kowane abu. Gaskiya ne, ayar tana nan, bai kamata a yi kamar ba a gan ta ba. Amma a karanta ta tare da Farawa 50:20. Yusufu ya dubi 'yan'uwansa ya kira abin da suka yi masa mugunta, da sunanta, sannan ya ce Allah ya juya ta zuwa alheri. Ya faɗi haka ne bayan shekaru masu yawa, yana duban baya. Godiya saboda wahalar kanta, in ta zo, a makare take zuwa, kuma mai wahalar ne yake faɗinta da bakinsa. Ba wanda yake da ikon tilasta masa ita a makon farko.

"Mun gode Allah" da muke faɗa a gaisuwa, godiya ce ko al'ada?

Duka biyun. A Kano ana tambayar mutum "yaya aiki?" ya ce "da godiya", ko da wata uku ba a biya shi albashi ba. A tambayi mai jinya "yaya mai jiki?" ta ce "da sauƙi", alhali likita ya riga ya kira ta gefe ya yi mata magana. Wannan ladabi ne mai kyau, ba ƙarya ba ce, domin ba kowane mai wucewa ake kwance wa ƙunshi ba.

Inda abin yake lalacewa shi ne in wannan amsa ta zama ita kaɗai ce ake ba kowa, har fasto, har miji ko mata, har Allah kansa. Ga gwaji mai sauƙi: in ka ce "na gode Allah", tambayi kanka, a kan me? In ka iya ambaton abu ɗaya da sunansa, godiya ce. In ka rasa, gaisuwa ce kawai. Sannan ka sami mutum biyu ko uku a ikilisiya waɗanda in sun ce "yaya gida?" za ka iya cewa "zauna in gaya maka". Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kuka da kai ƙara a gaban Allah ba rashin bangaskiya ba ne?

In haka ne, to kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 rashin bangaskiya ne, domin kukan neman taimako ne. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, Yahaya 11:35, yana kuwa sane da cewa zai tashe shi. A kan gicciye ma da farkon Zabura 22 ya ɗaga murya.

Bambancin yana ga wanda ake yi wa maganar. Gunaguni irin na Isra'ilawa a jeji, magana ce a kan Allah a bayan idonsa. Kuka irin na Zabura, magana ce da Allah fuska da fuska. Mai kukan bai bar gidan ba, yana ƙwanƙwasa ƙofa ne.

Zabura 13 aya shida ce kacal, kuma ta isa ta koya wa mutum yadda ake wannan addu'a. A aya ta 1 da ta 2 Dawuda ya ce "har yaushe" sau huɗu, ya faɗi abin da yake cinsa ba kwana-kwana. A aya ta 3 da ta 4 ya roƙi abu takamaimai. Sai a aya ta 5 da ta 6 ya tuna ƙaunar Allah ya yi alkawarin waƙa. Ka bi wannan jeri da naka kalmomin: faɗi ciwon da sunansa, kuɗin haya ne, sakamakon gwajin asibiti ne, ɗa ne da ya shiga shaye-shaye, roƙi abin da kake so, sannan ka tuna abu ɗaya da Allah ya taɓa yi maka. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallakewa zuwa aya ta 5 kai tsaye. Yabon da aka ɗora a kan kukan da ba a yi ba, kamar fenti ne a bangon da yake tsatsafo, damina ɗaya ya ɓare.

In ma ka kai ƙarshen addu'ar yabon ya ƙi fitowa, akwai Zabura 88. Ta fara da duhu ta ƙare da duhu, ba a kuwa cire ta daga Littafi ba.

Ina addu'a amma ba na jin Allah yana kusa. Ya rabu da ni ne?

A'a, 'yar'uwa. Kasancewar Allah alkawari ne da ya yi, ba yanayin zuciya ba ne. Matiyu ya buɗe bishararsa da sunan Immanuwel, wato Allah na tare da mu, 1:23, ya rufe ta da alkawarin Yesu cewa yana tare da almajiransa kullum har matuƙar zamani, 28:20. Ishaya 43:2 kuma bai ce ba za ki shiga ruwa mai zurfi ko wuta ba, cewa ya yi sa'ad da kika shiga yana tare da ke. Babu inda aka sa sharaɗin sai kin ji a jikinki.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa a wa'azi ba: jiki. A 1 Sarakuna 19 annabi Iliya ya kwanta ƙarƙashin wani itace a jeji ya roƙi mutuwa. Allah bai fara masa da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sāke kwanciya, aka sāke ciyar da shi. Maganar ta zo ne daga baya, a dutsen Horeb. Matar da ta yi mako biyu tana kwana a kan tabarma a barandar asibiti, cikin zafin Afrilu da yake haura digiri 40, ba wuta, abinci sau ɗaya a rana, in ta ce ba ta jin komai a addu'a, abin da take bukata da farko wata ce ta karɓe ta jinyar kwana biyu.

A kula da wannan kuma. In baƙin ciki ya wuce mako biyu kusan kowace rana, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abinci ya fita a rai, abin da mutum yake so da can duk ya daina burge shi, wannan yana iya zama ciwon damuwa, ciwo ne kuwa da ake magani. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. In mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rarraba kayansa yana sallama, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi wurin likita a ranar. A yi addu'ar a hanya.

Ta yaya zan mai da godiya ɗabi'a, ba sai na ji daɗi ba?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daniyel 6:10 ya nuna cewa ranar da aka sa hannu a dokar da za ta kai shi ramin zakoki, ya durƙusa sau uku ya yi godiya kamar yadda ya saba. Sabon ne ya riƙe shi.

Ka sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, ka ajiye shi tare da Littafi Mai Tsarki. Zaɓi lokaci ɗaya ka ɗaure shi da abin da kake yi kullum, misali bayan tuwon dare kafin a shimfiɗa. Minti goma ya isa. Rubuta kwanan wata, sannan abubuwa uku na wannan ranar. A ƙasansu ka rubuta abu ɗaya da yake damunka, domin Filibiyawa 4:6 ta haɗa roƙo da godiya a numfashi ɗaya, kuma daga kurkuku aka rubuta ta. Ranar Lahadi ta ƙarshen wata ka koma ka karanta daga farko, ka ja layi a ƙarƙashin roƙon da aka amsa.

Tsarin ba sabo ba ne. Ignatiyus na Loyola, malamin Kirista mutumin Sifen da ya rasu a 1556, ya koyar da binciken zuciya na yau da kullum mai mataki biyar: godiya, roƙon haske, bin sa'o'in ranar ɗaya bayan ɗaya, neman gafara, da ƙudurin gyara. Godiya ce a gaba, tun kafin a taɓo zunubi.

Abubuwan da suke kashe wannan ɗabi'a sanannu ne. Na farko, rubutu a dunƙule: "rai da lafiya da iyali" kowace rana, kafin mako biyu ya zama haddar da ba ta taɓa zuciya. Rubuta "mai garuwa ya yarda ya zuba mana jarka huɗu bashi", ko "zazzaɓin Rahila ya sauka da asuba". Na biyu, farawa da abu ashirin, a gaji a rana ta huɗu. Na uku, rubutawa a waya, saƙo ya shigo, sai ka tsinci kanka a Facebook. Na huɗu shi ne mafi haɗari, godiyar kwatance: "na gode ban zama kamar wane ba". Irin ta Bafarisiyen Luka 18:11 ke nan, bai kuwa koma gida baratacce ba. In ka yi fashin kwana uku, ci gaba daga yau, ba bashi ba ne da za a rama.

Tsohuwar da ba ta karatu ta sami gwangwanin madara, kowane dare ta jefa ƙwayar wake uku tana ambaton abin da kowace take wakilta. Sama'ila ma dutse ya kafa ya kira shi Ebenezer, wato dutsen taimako, domin a riƙa tunawa da taimakon Ubangiji, 1 Sama'ila 7:12.

Abinci ya ragu a gida. Me zan ce wa yara a lokacin addu'a?

Gaskiya, daidai shekarunsu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 gidaje da yawa sun rage tukunya, yara kuma suna gani. In uwa ta ce "komai lafiya" tana juya garin kwaki ba suga, yaro yana koyon cewa addu'a wurin ɓoye gaskiya ne. Gara ta ce, "Yau wannan muke da shi, mu gode a kansa, mu kuma roƙi na gobe."

Ayyukan Manzanni 27 labari ne da yara suke so. Mutum 276 a jirgin ruwa, kwana goma sha huɗu cikin hadiri ba su ci abin kirki ba, Bulus ya ɗauki gurasa ya yi godiya a gabansu duka, jirgin bai riga ya kai gaci ba. Sujadar iyali kada ta wuce minti goma sha biyar: waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ayoyi kaɗan, kowa ya faɗi abu ɗaya, a fara da auta. In ya ce ya gode saboda an kawo wuta ya kalli katun, a ce amin, kada a gyara masa.

Wannan wahalar horo ce saboda wani zunubi?

Wata wahalar sakamakon hali ce, kowa ya sani: wanda ya zuba jarinsa a caca ba sai an yi masa wahayi ba. Can tuba da gyara ake bukata. Amma Yesu ya hana a mai da wannan ma'auni na kowa. A Yahaya 9 almajirai sun tambayi wanda ya yi zunubi har aka haifi mutum makaho, ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. A Luka 13:4 ya ce mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba sun yi surori suna neman laifinsa, a 42:7 Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. In ka bincika zuciyarka da gaskiya, ka tuba daga abin da ka sani, to ka daina tono. Wanda kuma ya ce ya ga asalin matsalarka amma sai ka kawo kuɗi kaza kafin ya kwance ta, ka kama hanyarka.

Yaya ake ba da shaidar tsira ba tare da an taka zuciyar waɗanda suka yi rashi ba?

Wannan tambaya tana da nauyi a Kano. Garin ya ga hare-haren bama-bamai na 20 ga Janairu 2012. Ya ga ranar Lahadi 29 ga Afrilu na wannan shekara, da aka buɗe wa masu sujada wuta a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ya ga harin bam a tashar mota ta New Road a watan Maris na 2013, ya kuma ga harin da aka kai babban masallacin Juma'a a watan Nuwamba na 2014, inda maƙwabtanmu Musulmi suka rasa mutane sama da ɗari. A kusan kowace ikilisiya akwai wanda ya tsira da kyar, akwai kuma gwauruwar wanda bai tsira ba, a benci ɗaya.

Mai shaida ya faɗi abin da ya faru, ya gode. Abin da zai kiyaye shi ne dalili. Da zarar ya ce "Allah ya cece ni domin ina biyan zakka" ko "domin na yi azumi", ya gaya wa gwauruwar cewa mijinta ya gaza ne. Ayyukan Manzanni 12 ya isa ya rufe wannan baki: a sura ɗaya Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, mala'ika kuma ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Manzanni ne su biyun. Abokan Daniyel uku ma sun ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, ko bai cece su ba kuwa ba za su yi wa gunkin sujada ba, 3:17-18.

Ga mai jagorar sujada: ya ji shaidar tun kafin a hau bagade, ya ba kowa minti uku, bayan shaidun kuma ya yi addu'a a fili domin waɗanda har yanzu suke jira, da waɗanda aka amsa musu da abin da ba su roƙa ba.

Lahadin godiya ta zo, ba ni da abin kaiwa gaba. In zauna a gida?

Ki zo, Mama. Shari'ar Musa kanta ta ce wadda ba ta da halin ɗan rago ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu, Littafin Firistoci 12:8, abin da Maryamu da Yusufu suka kai ke nan a Luka 2:24. 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi. Mudun masara ɗaya baiko ne. Sharar majami'a ranar Asabar baiko ne. Kada ki ci bashi, kada ki taɓa kuɗin makarantar yara ko zubin adashi domin a gan ki kina rawa da ambulan. Dattawa kuma su duba al'adar karanta suna da adadi a lasifika, ita ce take hana talakawa zuwa a ranar.

In na gode, ba sai in haƙura da neman haƙƙina ko magani ba?

Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, gari na wayewa Bulus ya ce an yi musu dūka ba shari'a alhali su Romawa ne, sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da su. Aya ta 25 da ta 37 ne na Ayyukan Manzanni 16. Ka yi godiya, ka rubuta takardar ƙorafi, ka sha maganin hawan jininka a kan lokaci.

Me zan ce in na je gaisuwar rasuwa ko dubiya?

Kaɗan. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba. Ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki. "Sannu, Baba. Yaya haƙuri? Ubangiji ya ta'azantar da ku" ya wadatar. Kada ka ce "ki gode Allah kina da sauran yara", kada ka ce "Allah ya fi mu sonsa", kada kuma ka jefa Romawa 8:28, wadda ta ce Allah yana juya kowane abu zuwa alheri ga masu ƙaunarsa, a ranar jana'iza. Ayar gaskiya ce, lokacinta ne bai yi ba. Ta ranar ita ce Romawa 12:15, a yi kuka da masu kuka.

Zauna minti ashirin zuwa talatin. Kada ka ce "in kuna bukatar wani abu ku faɗa", ba za su faɗa ba. Kawo abu a hannu: kular abinci, sabulu, kuɗin gawayi, ko ka ɗauki nauyin kai yara makaranta na mako guda. Makon farko gida cike yake, zumuntar mata suna waƙa, maƙwabta Kirista da Musulmi suna shiga suna fita. Mako na uku ne ake naɗe tabarmi, baƙin ƙauye su koma, gwauruwa ta fara lissafin haya. Sa wannan mako a kalandarka, da wata na uku, da ranar cika shekara.

A asibiti a gajarta fiye da haka, minti goma. Tambayi mai jinya ko marar lafiyan yana da ƙarfin jin karatu. In yana da shi, Zabura 23, ko 46, ko 121, guda ɗaya kawai, da murya ƙasa-ƙasa, domin na gadon kusa ma marar lafiya ne, mai yiwuwa kuma ba addininku ɗaya ba. Gaishe shi shi ma. Kafin ka fita, ja mai jinyar gefe ka tambaye ta ko ta ci abinci yau, da kuma takardar maganin da ba a riga an saya ba.